Fatawa: Lissafin Abin Sha ga Mai Sana'ar Shirya Biki

Tambaya: Malam, sana'ata shirya bukukuwa a Abuja. Wani lokaci wanda ba Musulmi ba zai ba ni kwangila, ya ce in lissafa masa kiret nawa na giya zai ishi baƙinsa, in tanadi ƙanƙara da kofuna da masu zubawa. Ba na sha, ba na taɓawa da hannuna. Ya halatta?

Amsa: Allah Ya yi wa nemanki albarka, 'yar'uwa.

Wannan ɓangare na kwangilar bai halatta ba. Haramcin giya a Suratul Ma'ida, aya ta 90, ya zo ne da umarnin nisanta, kuma nisanta ta fi barin sha faɗi. Tirmizi da Ibn Majah sun ruwaito daga Anas cewa Annabi (SAW) ya la'anci mutum 10 a kan giya, kuma mai sha ɗaya ne kawai a cikinsu. Sauran sun haɗa da mai matsa ta, da mai ɗauka, da mai shayarwa, da mai sayarwa, da mai saye, da mai cin kuɗinta. Wadda ta ɗauki biro ta ƙiyasta kwalba nawa za a sauke, ta kira dila, ta ɗauko masu zubawa, ita ce ta haɗa waɗannan mutane wuri guda. Rashin taɓawa da hannu bai fitar da ita daga taimakekeniya a kan saɓo ba, wadda aya ta 2 ta wannan sura ta hana. A mazhabarmu ta Malikiyya ijara, wato yin aiki don lada, ba ta inganta sai a kan amfanin da shari'a ta halatta. An san Abu Hanifa ya sassauta a ladan ɗaukar giya ga wanda ba Musulmi ba, amma manyan almajiransa, Abu Yusuf da Muhammad, sun saɓa masa, kuma hadisin yana tare da su.

Na san kwangila ba ta zuwa kullum, ga haya, ga ma'aikata suna jiran albashi. Mu'amala da wanda ba Musulmi ba halas ce. Ki karɓi rumfa, da kujeru, da ado, da abinci na halal, da lemo, ki faɗa masa tun ranar ciniki cewa giya da kayanta ba sa cikin aikinki, a rubuta haka a takarda. Teburin da giya ke yawo a kansa kuwa, kada ki zauna, kada ki tura yaranki su yi hidima a wurin. Abin da kika karɓa a baya kan wannan ɓangare, ki ƙiyasta shi ki fitar ga mabuƙata tare da tuba.

Lissafin abin sha na halal kuma abin so ne, domin yana hana almubazzaranci. Buhun fiya wata leda 20 ne, kiret ɗin lemo kwalba 24. Ki auna da yawan baƙi, da zafin ranar, da tsawon zaman, ki roƙi dila ya yarda a mayar da abin da ba a buɗe ba. Ki lura da kunun aya da kunun zaƙi: in babu ƙanƙara suna saurin juyawa. Tsami kaɗai ba ya haramta su, amma in sun tafasa da kansu har yawansu zai bugar, a zubar, kada a raba wa almajirai da sunan sadaka.

Allah ne Mafi sani.