KUNYA DABAN, TSORO DABAN

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi na Safo da kewaye: tun da aka kafa jami'a a Maraɗi a shekarar 2010, wadda ake kira Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, karatu mai zurfi ya matso kusa da ƴaƴanmu mata. To, shin ɗalibar da ta ɗaga hannu cikin taron maza ta yi tambaya, ko ta ce "ban yarda ba", ta zubar da kunyarta ne?

Mu fara duba abin da ke ɗaure harshenta. Na farko yana cikin zuciya: tsoron kuskure da harshen Faransanci, da tsoron dariyar abokan karatu. Na biyu daga gida yake, domin tun tana ƙarama ana yaba mata in ta yi shiru, ana tsawata mata in ta nemi bayani. Na uku bakin jama'a ne, kada a kira ta fitsararriya har manema su guje ta. Ko ɗaya cikin ukun nan ba shi ne kunyar da Musulunci ya yaba ba.

Kunya ta gaskiya tana hana mutum aikata mummuna ne, ba ta hana shi neman hakki. Nana A'isha ta yabi matan Ansar saboda kunya ba ta hana su fahimtar addini ba. Khaula bint Sa'alaba ta yi jayayya da Manzon Allah (SAW) a kan lamarin mijinta, Allah Ya saukar da farkon Suratul Mujadala a kanta. A ƙasar Hausa kuwa, Nana Asma'u ƴar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta tura jajis ƙauyuka suna karantar da mata.

Wani zai ce buɗe wannan ƙofa na kawo tsiwa. Tsoronsa yana da tushe, amma akwai ma'auni. Mai tsiwa ɗaukaka kanta take nema ta hanyar wulaƙanta wani. Mai tsayawa kan gaskiya tana faɗin hujjarta cikin ladabi, in an fi ta hujja ta karɓa.

Ku lura da haɗarin shiru. Yarinyar da ba a taɓa bari ta ce "a'a" a gidansu ba, yaya za ta faɗa wa wanda ya nemi mutuncinta a madadin maki? Hausawa sun ce kunyar marar kunya asara ce. Kuma wadda ta kasa tambaya a aji, gobe ita ce likita ko malama mai aiki da rabin sani.

Saboda haka, ya ku iyaye, in ɗiyarku ta yi magana ku saurara har ta ƙare, sannan ku gyara. In ta kawo ƙara, kada ku fara da zarginta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya shirya mana zuriya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.