Waƙar da ta juyo kan na gida



'Yan'uwa, ni Bagobiri ne, ɗan Saye Sabuwa. Da na fara karanta rubuce-rubucen Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a jami'a, sai da zuciyata ta yi nauyi. Kakanninmu ne ake nufi da azzalumai a cikinsu, kuma Tsibirin da muke taƙama da shi an kafa shi ne bayan an ci Gobirawa a Gawakuke a 1836. Na daɗe ina tambayar kaina: waƙar malamai adalci take nema, ko kuwa kirarin wanda ya yi nasara ce?

Abin da Shehu ya lissafa a Kitabul Farƙi ba ƙarya ba ne: jangali, gaisuwar da ake kai wa mai mulki, ƙwace dukiyar talaka. Amma zargin abokin gaba ba wuya gare shi, ko maroƙi yana yi.

Ƙanensa Abdullahi ne ya warware mini. Wajen 1807, jihadi na ci gaba, ya ga mutanensu sun karkata ga dawaki, ƙwaraƙwarai da sarauta. Ya zarge su cikin waƙa, wadda ke cikin Tazyinul Waraƙati, ya bar rundunar da niyyar tafiya Makka. A Kano aka tsayar da shi, nan ya rubuta Liya'ul Hukkami don masu hukunci. Haka Tabbat Haƙiƙa, wadda Nana Asma'u ta mayar Hausa: gargaɗinta ya hau kan sababbin masu mulki, waɗanda suka ci yaƙin. Jajis na 'Yan Taru kuwa suka riƙa kai irin waɗannan waƙoƙi ƙauyuka, har matar da ba ta karatu ta san abin da alƙali ba shi da ikon yi mata. Wannan muhasaba ce, irin wadda ake koya wa muridi, sai dai an yi ta a bainar jama'a.

To, mu fa? Muna raya dare da bege, kuma madalla. Amma a sahun zikirin nan akwai wanda ya ba maƙwabcinsa tiyar hatsi da damina don ya karɓi biyu da kaka, akwai mai riƙe da gonar marayu da sunan jingina. Na gwada rubuta baitoci a kan haka lokacin hutu. Da na kai baiti na uku na ga kawuna nake siffantawa, wanda ke biya mini kuɗin makaranta. Takardar tana nan cikin jakata, ban karanta wa kowa ba tukuna.