Kube da Kaifi a Ƙofar Makka ta Jidda

Duk wanda ya ratsa kasuwar Alawi a tsohon garin Jidda, wanda mutanen wurin ke kira Balad, har ya ɓulla Ƙofar Makka, inda ayarin alhazai ke fita tun ganuwar birnin tana tsaye, kafin a rushe ta a 1947, to, ya bi sawun al'ummai masu yawa, kowace da ɗabi'arta wajen riƙon makami: mutumin Yaman da jambiyarsa a ɗamara inda kowa ke ganinta, Buzu da takobinsa a rataye, Bahaushe kuwa, wanda ya keto Sudan a ƙasa har Suwakin, sau da yawa wuƙarsa tana ɗaure a damtse, hannun riga ya rufe ta. Mas'alar ita ce, wanne daga cikinsu ya fi kusa da maƙasudin shari'a?

Mai bayyanawa yana cewa shi bai yaudari kowa ba, kuma ganin makamin kaɗai yakan kori ɗan fashi ba tare da an zubar da jini ba. Mai ɓoyewa kuma yana cewa shi bai firgita kowa ba, alhali tsoratar da Musulmi haramun ne. Kowannensu yana da hujja, sai dai a ganina Sunna ta zo da tafarkin da ya fi nasu daidaito, domin sa'ad da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya shiga Makka don Umratul Ƙada'i a shekara ta 7 bayan Hijira, sharaɗin sulhun Hudaibiyya shi ne kada a shiga da kome sai makamin matafiyi, wato takubba cikin kubensu. Ke nan an san mutum yana da makami, babu ha'inci, amma kaifin a rufe yake, babu barazana. Haka kuma Buhari da Muslim sun ruwaito cewa ya umarci mai wucewa da kibau ta masallaci ko kasuwa ya damƙe tsininsu, kada su yagi wani, wanda ke nuna cewa abin lura shi ne amincin na kusa da kai, tun kafin a zo ga naka.

Game da Harami kansa, hadisin Jabir a Sahihu Muslim ya hana ɗaukar makami a Makka, kuma Alƙali Iyal, babban malamin Malikiyya, ya fassara hanin da halin da babu lalura, ko da yake Hasanul Basari ya karhanta shi ko ta wane hali. Lalura kuwa hukunci ce mai tafiya da zamani: kafin Sarki Abdul'aziz ya karɓi Jidda a 1925, hanyar Makka tana da 'yan fashi, uzurin mai wuƙa a damtse karɓaɓɓe ne, da hanya ta amintu, uzurin ya faɗi, kuma yau babu mai ɗaukar bindiga a Saudiyya sai da izinin hukuma.

Ɓoyewa ce ta fi ba ni tsoro, kuma ba don zato ba. Ran 1 ga Muharram 1400, daidai da 20 ga Nuwamba 1979, wasu 'yan tawaye mabiya wani mai suna Juhaiman sun shigar da bindigogi Masallacin Harami a cikin makaru, masu gadi suna tsammanin gawawwaki ne aka kawo a yi musu salla, aka kuwa yi mako biyu ana yaƙi a kewayen Ka'aba.