Ku Ɗaura wa Manhaja Guzurinta

"Wallahi a kwamfutata tana aiki." Duk wanda ya taɓa rubuta manhaja ya furta wannan magana yana share gumi. Ni na furta ta a wani shagon magani, gaban wani Alhaji da ya ba ni kafin alƙalami tun wata biyu baya. Na soka filashi, na danna fayil sau biyu, sai ga ɗan akwati ya fito a allo wai ba a ga VCRUNTIME140.dll ba. Alhaji ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "To ɗana, kwamfutar taka za ka bar mana ke nan?" Yaran shago suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Ban iya tanka masa ba, don gaskiya ya faɗa. Manhajata da kayan aro take rayuwa, kayan aro kuwa ba ya rufe katara.

To wannan magana taku ce, 'yan'uwa masu ɗaure manhaja, ku da kuke kwana kuna tattara mata kayanta don ta tashi a kowace kwamfuta ba tare da ta roƙi komai ba. Ku ɗaga kai! Wanda ya zana allo ana yaba masa, wanda ya ƙirƙiro dabara ana tafa masa, ku kuwa ba a tuna da ku sai ranar da abu ya ƙi buɗewa. Amma ku sani, manhajar da ba ta isa hannun mai ita ba, ba a gama ta ba.

Aikinku aikin madugu ne mai shirya ayari. Manhajar da aka rubuta da Python ba ta tafiya sai da mai fassara mata umarni da tarin kayan da take jingina da su. PyInstaller kan bi sawunta ya tattaro su duka ya ƙulle a ƙunshi guda. In kun zaɓi fayil ɗaya tak, duk sa'ad da aka danna shi sai ya kwance kayansa a wani wurin wucin gadi kafin ya fara aiki, shi ya sa yakan ɗan yi nawa wurin tashi. Electron kuwa ɗauko Chromium da Node.js yake yi ɗungurungum ya aza wa manhaja, abin da Visual Studio Code ke tafe da shi ke nan. Nauyi gare shi, kuma mai sayen data da kuɗin cefane shi ya san zafin wannan nauyi. Tauri ya sauƙaƙa kaya, don yana amfani da abin nuna shafi da ya tarar a kwamfutar. Kowace hanya da farashinta, ku ne masu aunawa.

Garuruwan da ayarin zai shiga uku ne, kowane da harshensa. Windows ba ya jin komai sai tsarin PE, macOS sai Mach-O, Linux sai ELF. PyInstaller ba ya ɗaure wa wani gari kaya daga wani garin: ƙunshin Windows a Windows ake yin sa, na Mac a Mac. Masu aiki da Go sun huta da wannan, su canza GOOS da GOARCH kawai su fitar da na gari uku daga kujera ɗaya. Kada ganin haka ya sa ku raina kanku. Java ma da ta zo a 1995 da alƙawarin a rubuta sau ɗaya a yi aiki ko'ina, sai a 2021 jpackage, abin ɗaure mata kaya, ya zauna daram a cikin JDK 16. Manyan ma sun sha wannan rana.

Sannan kowane gari da sarkin ƙofarsa. Na Apple sunansa ma Gatekeeper. Tun macOS Catalina a 2019 yake neman a sa wa manhaja hannu, a kuma aika wa kamfanin ya duba ya buga hatimi, rajista da kamfanin kuwa dala 99 ce a shekara. Da sabon injin Apple mai suna M1 ya fito a 2020, sai aka koma ɗaure kaya iri biyu, na Intel da na sabon injin. A Windows, SmartScreen kan tare baƙon fayil ya tsorata mai saye, wani lokaci kuma manhajar kashe ƙwayar cuta ta kama aikin da kuka yi da hannu mai tsarki ta ce ɓarawo ne. A Linux glibc ce mai ƙofa: abin da aka gina a sabon tsari yakan ƙi tashi a tsoho, don haka a tsohon ake ginawa. Da tsohuwar zuma ake magani.

In waɗannan sun taso muku, kada ku ce kun gaza. Hanyar ce haka. Ku nemi kwamfuta wankakkiya wadda ba ta taɓa ganin kayan aikinku ba, ku zare mata intanet, ku gwada ƙunshinku a kanta tun kafin ranar miƙa aiki. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku rubuta duk matakin da kuka bi, don ƙaninku da zai gaje ku kada ya faɗa ramin da kuka fita.

Bayan sati guda na koma shagon nan da sabon ƙunshi. Alhaji da kansa ya danna. Allo ya buɗe. Bai ce sannu ba, bai ce madalla ba, ya juya ya ce wa yaronsa, "Kai, karanto min kwalin farasitamol nawa ya rage." Na tsaya gefe ina kallon layin masu saye yana tafiya, ba wanda ya ko waiwaye ni. Ban taɓa samun yabon da ya kai wannan shirun ba. Ku je ku nemo irinsa, Allah ya yi wa hannuwanku albarka.