Shaidar Na'ura ga Kanta

Duk wanda ya zauna gaban malaman usulul fiƙhu ya ji yadda suke neman illar hukunci ta hanyar sabaru da taƙsimi, watau a tattaro dukkan sifofin da ake zaton su ne dalili, sa'an nan a bi su ɗaya bayan ɗaya ana zubar da wadda hujjarta ba ta tsayu ba. Ta haka suka bi illar riba cikin alkama, har Malikawa suka tsaya a kan kasancewarta abincin rayuwa mai ajiyuwa, Hanafawa kuwa suka ce awo ne tare da ɗayantakar jinsi.

Mai gyaran kwamfuta ma, ko da bai taɓa buɗe littafin usulu na Waraƙat ba, tafarkin nan yake bi idan na'urori biyu suka ƙi magana da juna ta mahaɗar RS-232. Ba ya ɗora laifi bisa zato, sai ya zare wayar, ya haɗa tsinke na 2 da na 3 cikin tsinkaye tara na mahaɗar, domin abin da na'ura ta aika ya komo mata. In harafin da ya buga ya bayyana a allo, to, bakinta da kunnenta sun kuɓuta.

Amma a nan mas'alar take, domin wannan shaidar na'ura ce ga kanta. Idan an saita ta a saurin 9600 alhali abokiyar zancenta tana kan 19200, za ta ci jarrabawar sarai, tun da agogo guda ke tafiyar da faɗarta da jinta. Haka nan in tsinke na 5 ya katse, wanda a kansa ɓangarorin biyu suke auna wuta, ba za ta sani ba. Shari'a ta ƙi karɓar shaidar mutum ga amfanin kansa saboda tuhuma, ni kuwa ina ganin lamarin ya zarce tuhuma, gama mai gaskiya ma, sa'ad da yake yi wa ransa hisabi, da ma'aunin da ake shakka a kansa yake awon. Muhasaba wajibi ce, amma iyakar abin da take tabbatarwa shi ne mutum bai saɓa wa kansa ba.

Saboda haka ban yarda a ce gyara ya kammala ba sai an kawo wata na'ura wadda aka tabbatar da lafiyarta, an haɗa su, saƙo ya je ya dawo daidai.