Annobar Kwaɗi da Mas'alar Ƙaddara

Tun zamanin magabata malamai suke bahasi a kan ƙaddara da sababi, suna neman sanin inda alhakin ɗan Adam yake a cikin abin da Ubangiji ya hukunta, kuma ga shi kwaɗo, duk da ƙasƙancinsa a idon jama'a, ya sake ta da wannan mas'ala a zamaninmu.

A shekarar 1998 masana suka tabbatar cewa wata cuta dangin funfuna ce take halaka kwaɗi a Ostareliya da Amurka ta Tsakiya. Fata take kamawa, alhali kuwa ta fata kwaɗo yake shan ruwa, ta nan kuma yake daidaita gishirin jikinsa, saboda haka da zarar fatar ta lalace sai zuciya ta tsaya. Da ta isa El Kope ta ƙasar Panama a 2004, cikin 'yan watanni aka riƙa tsintar gawarwaki a bakin rafuffuka. Wani binciken da aka fitar a 2019 ya ƙidaya jinsi 501 na kwaɗi da danginsu da suka ragu a faɗin duniya saboda cutar, 90 daga ciki ana zaton sun ƙare.

Abin lura shi ne, bayan wucewar annoba wasu sun farfaɗo, wasu kuwa har yau ba su tashi ba, kuma kowanne da dalilinsa. A Panama an ga jinsin da suka dawo ko da yake cutar ba ta rage kaifi ba, domin fatar waɗanda suka tsira ta fi iya yaƙar ta. Amma kwaɗon koroboriy na duwatsun Kosiyusko a Ostareliya, wanda yake zaune cikin sanyin da cutar take so, kuma yake maƙwabtaka da wani ƙaramin kwaɗo mai ɗauke da ita ba tare da ta kashe shi ba, duk sa'ad da zuriyarsa ta fara tasowa sai ta sake kamuwa kafin ta hayayyafa yadda za ta cike gurbin matattu.

Mai cewa wannan ƙaddara ce ya faɗi gaskiya, sai dai bai kammala ta ba, domin cutar daga gabashin Asiya ta samo asali, kuma fataucin kwaɗi da mutane suke yi ya taimaka wajen tsallakar da ita tekuna. Sayyidina Umar, Allah ya yarda da shi, da ya ji labarin annoba a Sham ya juya da jama'arsa, ya kuma nuna cewa juyawar ma tana cikin ƙaddara. Game da kwaɗon kansa kuwa, Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hana kashe kwaɗo ko don haɗa magani.

Ashe kuwa masu kiwon ragowar koroboriy a killace, suna mayar da su shingayen da cutar ba ta shiga ba, riƙo da sababi suke yi, wanda shi ne haƙƙin amanar da aka ɗora wa ɗan Adam a bayan ƙasa, kuma wanda ya taimaka wajen yaɗa ɓarna ba shi da hujjar naɗe hannu a lokacin gyara.