Ɗana, Ka Duba Takardar Albashin da Idonka

Ɗana, kai da Allah ya buɗa wa a Birtaniya har ka kafa kamfanin samar da ma'aikata, kana tura masu kula da tsofaffi gidaje a Mancesta, ko masu gadi, ko direbobin kai kaya a Landan, zauna mu yi magana. Na san abin da ya kai ka ga kamfanin lema. Lissafin albashi a ƙasar nan yana da cin rai, ga harajin PAYE, ga inshorar ƙasa, ga fansho, ga kuɗin hutu. Sai wani ya zo ya ce ka kawo ma'aikatanka su shiga ƙarƙashinsa, shi ne ubangidansu a takarda, kai dai ka tura masa kuɗi dunƙule duk mako ya rarraba. Wannan tsari halas ne a doka, kuma akwai masu yin sa tsakani da Allah. Abin da nake jiye maka shi ne ka ɗauka cewa da ka tura kuɗin ka sauke nauyi. Wallahi ba ka sauke ba.

Bari in nuna maka yadda ɓarnar take. A ce kana biyan fam 20 a awa, ma'aikaciya ta yi awa 40, ka tura wa kamfanin lema fam 800. Mai gaskiya zai cire ladansa, ya cire inshorar ƙasa ta ɓangaren mai aiki, wadda ta tashi daga kashi 13.8 zuwa kashi 15 cikin ɗari a Afrilun 2025, ya ware kuɗin hutu da fansho, sannan ya yanke haraji daga abin da ya rage ya miƙa wa hukumar haraji ta HMRC. Maha'inci kuwa zai rubuta mata mafi ƙarancin albashi a takarda, fam 12.21 a awa a shekarar 2025, wato fam 488.40, ya yanke haraji a kan wannan kaɗai. Ragowar sai ta faɗo asusunta daga wani banki dabam, an laƙaba mata suna rance ko kafin alƙalami. Yarinya ta ga kuɗi sun shigo sau biyu a rana ɗaya, ta yi murna. Ba ta san an ɗaura mata bashin hukuma a wuya ba.

Kada wani ya ruɗe ka da cewa lauyoyi sun duba tsarin. A 2017 Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke hukunci a shari'ar ƙungiyar ƙwallo ta Rangers cewa kuɗin da aka biya 'yan wasa ta hanyar asusun amana da rance albashi ne, haraji ya hau kansa. A 2019 aka soma karɓar harajin da aka ɗora wa irin waɗannan rance da ba a mayar ba, ya faɗa kan dubban mutane, ciki har da ma'aikatan jinya da ba su taɓa zama sun karanta yarjejeniyar da suka sa wa hannu ba. Masu tallan tsarin da yawa sun rufe kamfani sun yi layar zana.

Akwai wata dabara kuma, ta ƙananan lemomi. Sai a yayyanka ma'aikata ɗari biyu a rarraba su cikin ƙananan kamfanoni barkatai, kowanne da mutum kaɗan, don kowanne ya ci rangwamen inshorar ƙasa da gwamnati ta tanada wa masu ƙaramar sana'a, ya kuma ci sassaucin VAT. Binciken BBC na 2021 ya gano an ɗebi dubun dubatar mutane a Filifin an sa sunayensu a matsayin daraktocin irin waɗannan kamfanoni. Alamarta a fili take: sunan ubangida a takardar albashin ma'aikacinka yana canjawa bayan 'yan watanni, kuma sunan bai da alaƙa da aikin da ake yi.

Me ya sa abin ya yi yawa haka? Tun da aka gyara dokar IR35, a 2017 ga ma'aikatun gwamnati, a 2021 ga matsakaita da manyan kamfanoni masu zaman kansu, nauyin tantance wane ne ma'aikaci wane ne ɗan kwangila ya koma kan mai ba da aiki. Da yawa suka ga ba za su iya ba, suka tura kowa wurin kamfanonin lema. Inda jama'a suka taru da kuɗi, ɓarayi ba sa nisa.

To, gwamnati ta gaji da bin inuwa. A kasafin kuɗin Oktoban 2024 ministar kuɗi Rachel Reeves ta bayyana sabon tsari, wanda aka sa wa ranar farawa 6 ga Afrilu 2026: idan kamfanin lema ya ƙi biyan PAYE, HMRC na iya zuwa kai tsaye wurin kamfanin da ya kai ma'aikacin ga mai aiki ta karɓi kuɗin gaba ɗaya. Kai ke nan. In babu irinka a tsakani, sai ta kama mai aikin kansa. Ba sai an tabbatar ka sani ba, kuma cewa ka yi bincike ba zai goge bashin ba. Kamar mai masauki ne a kasuwar shanu: baƙon da ya tsaya wa in ya gudu da kuɗin mutane, ƙofarsa za a ƙwanƙwasa. Ka ƙara da dokar 2017 da ta mai da shi laifi kamfani ya kasa hana masu yi masa aiki taimaka wa kauce wa haraji, da ikon hukuma na hana ka maido da VAT in ka sani, ko ya kamata ka sani, cewa akwai zamba a layin.

Amma ni, ɗana, ba tarar ce ta fi tsaya mini a rai ba. Ma'aikatan nan naka da yawansu baƙi ne kamarka, 'yan Najeriya da Gana da sauran ƙasashe, masu kwana a tsaye suna juya tsofaffi a gado, suna tura abin da ya samu gida. Sun yarda da kamfanin lema ne domin kai ka nuna musu shi. Kuɗin hutunsu na mako 5.6 a shekara haƙƙinsu ne, kuma akwai kamfanonin da ke riƙe shi su yi gum har shekara ta wuce. Idan gumin talaka ya salwanta ta hannun wanda ka zaɓa, kana da amsar da za ka bayar, nan da can.

Saboda haka kada ka tsaya ga takardar shaida da suka manna a bango. Duk wata ka kira ma'aikata biyu ko uku, da yardarsu, ka ajiye takardar albashinsu gefe da abin da ya shiga bankinsu, gefe da abin da ka tura. Ka sa su buɗe asusunsu na haraji a shafin HMRC su ga ko adadin da aka kai rahoto ya yi daidai. Ka duba rajistar kamfanoni ka ga yaushe aka kafa shi, su wane ne daraktocinsa, ka kuma duba jerin sunayen masu tallan kauce wa haraji da HMRC ke wallafawa. Wanda ya yi alkawarin ma'aikaci zai tafi gida da kashi 85 cikin ɗari na kuɗinsa, ka sallame shi tun daga bakin ƙofa. Wanda ya ce zai ba ka la'ada a kan kowane mutum da ka kawo, ka tambayi kanka daga aljihun wa za ta fito.

In kuwa lissafi ya ƙi haɗuwa, kada ka jira ƙarshen wata. Ka dakatar da tura kuɗi, ka kira akanta, ka mai da mutanenka kan albashin kamfaninka ko wurin wanda ka tantance, ka sanar da HMRC da kanka, sannan ka tara ma'aikatan ka faɗa musu gaskiyar abin da ya faru da kuɗinsu.